Iƙirari kowace Asabar, azumi babu iyaka, ga magani ya yanke

Tambaya: Wata 'yar'uwa 'yar Katolika, tela a Moshi Zango a nan Kumasi, asalinta daga wajen Bawku, ta rubuto cewa likita ya ce tana da ciwon damuwa, ya ɗora ta a kan magani. Wata biyu ke nan rabonta da sha, don hannu ya yi ƙaranci, kuma zuciyarta na ce mata mai bangaskiya ba ya dogara da ƙwaya. Munanan tunani game da Allah suna faɗo mata a tsakiyar Misa. Kowace Asabar tana zuwa iƙirari, wato furta zunubi a gaban Fada don neman gafara, da magana ɗaya, Fada ya ba ta addu'ar "A gaishe ki Maryamu" sau uku a matsayin aikin tuba, sai ta ga sun yi kaɗan, ta ƙara wa kanta azumi ba ci ba sha. Tana tsoron Fada bai fahimci Tonancinta ba, wato Twi, don haka gafarar ba ta kama ba. Wasu ranakun Lahadi ba ta iya tashi daga shimfiɗa. Gwaggonta na so ta kai ta sansanin addu'a. Ta ce wani lokaci takan ji gara ta mutu ta huta. Tana tambaya ko Allah ya yashe ta ne.

Amsa:

Ƙanwata, sannu da jiki, Allah ya kawo sauƙi. Ni ba Fada ba ce. Nas ce, a sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa na yi aiki har na ajiye, kuma ina koyar da katikizim a cocinmu. Abin da na sani ta waɗannan hanyoyi biyu shi zan ba ki.

Maganarki ta gara mutuwa ita ce ba ta jira. Yau ɗin nan, kafin dare, ki sami mutum ɗaya da kika yarda da shi ki faɗa masa ita kamar yadda kika rubuto, ba kwana-kwana. In akwai sauran ƙwayoyi a ɗakinki, ko wane iri ne, ki ba shi ya ajiye miki. Idan tunanin ya yi ƙarfi har kika fara shirya wani abu, kada ki jira ranar ganin likita. A kai ki sashen gaggawa na Gee, wato asibitin Komfo Anokye, ko asibitin da ya fi kusa, ko a kira 112. Ba mai kama ki. A watan Maris na 2023 majalisar dokokin Ghana ta cire yunƙurin kashe kai daga cikin laifuffuka, yanzu maganar asibiti ce, ba ta 'yan sanda ba. Ki tuna annabi Iliya, wanda ya zauna a jeji ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Allah bai tsawata masa ba. Mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa, ya bar shi ya sake barci, ya sake tashe shi ya ci. Sai da ya ci ya huta sannan aka yi maganar tafiya. Allah bai yashe shi ba, ke ma bai yashe ki ba.

Yanzu ga abin da na gani cikin wasiƙarki. Mafi yawan abin da kike ɗauka zuwa gaban Fada kowace Asabar ciwo ne, ba zunubi ba. Koyarwar Ikilisiya a nan a fili take. Katikizim na 1992, wato littafin koyarwar Ikilisiyar Katolika, a sakin layi na 1857, ya ce sai abu uku sun haɗu kafin zunubi ya zama mai kisa: abin ya kasance babba, mutum ya san sarai babba ne, kuma ya aikata shi da yardar ransa. To, ki auna abin da ke faruwa da ke. Kina durƙushe, Fada ya ɗaga Jikin Almasihu, sai wata mummunar kalma ta faɗo cikin kanki. Gabanki ya faɗi, tafin hannunki ya jiƙe da zufa, kika runtse ido kina ta "Yesu, ka yi mini jinƙai". Ina yarda a nan? Wanda ya yarda da abu ba ya firgita da shi haka. Sakin layi na 1735 ma ya ƙara da cewa tsoro da matsi da yanayin ƙwaƙwalwa suna iya rage alhakin mutum, har su ɗauke shi baki ɗaya.

Likita ne zai tabbatar bayan ya gan ki, amma abin da kika kwatanta ya yi kama ƙwarai da cutar waswasi, wadda sau da yawa takan zo tare da ciwon damuwa. Maƙwabtanmu Musulmi sun san ta: mutum ya yi alwala, ya sake, ya sake, har jam'i ya wuce shi. Wata kuma sai ta kai bakin titi ta dawo ta duba ko ta kashe gas, ta fita, ta sake dawowa. Ciwo ɗaya ne, yana dai kama kowa ta wajen abin da ya fi daraja a ransa. Ke Allah ne ya fi miki daraja, shi ya sa ya kama ki ta nan. Ga yadda yake aiki. Tunani ya zo, tsoro ya tashi, sai ki yi wani abu don tsoron ya kwanta. Ya kwanta na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwa ta ɗauka wannan abin ne ya cece ki, gobe ta nemi ninkinsa. Iƙirarin Asabar da azumin da kike ƙarawa sun zama wannan abin. Ke tela ce, kin san ɗinkin da ya zauna daidai, in aka yi ta farke shi ana sakewa, ba kyau zai ƙara ba, yadin ne zai yage.

Ba ke kika fara ba. Waliyyi Ignatiyus na Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar Jesuit, ya sha wannan wahala a garin Manresa na ƙasar Sifen a 1522. Ya yi ta komawa iƙirari da abubuwan da ya riga ya faɗa, har rayuwa ta fita ransa. Ya yi mako guda cur bai ci ba bai sha ba, sai da mai jin iƙirarinsa ya umarce shi ya ci abinci, ya yi biyayya. Sauƙinsa ya zo ne lokacin da ya yanke cewa ba zai sake tono abin da ya wuce ba. Daga irin wannan gogewa ne Ikilisiya ta samo hanyar da take bi da masu waswasi, kuma abin da ke burge ni shi ne ta yi daidai da abin da muke koya wa marasa lafiya a asibiti yau.

Ki zaɓi Fada ɗaya ki tsaya a kansa. Kada yau ki je babban cocin Waliyyi Bitrus a Roman Hill, gobe wani wuri, kina neman wanda zai ƙara tabbatar miki. Dokar Ikilisiya ta ba ki 'yancin zaɓen wanda kike so, don haka ki nemi mai haƙuri, mai sauraro. Kafin iƙirarinki na gaba, ki je ofishin coci ki roƙi ganinsa a zaune, ba a ɗakin iƙirari ba. Dalili kuwa, abin da aka faɗa a iƙirari a rufe yake har abada. Doka ta 983 ta hana Fada buɗe shi ga kowa saboda kowane dalili. Wannan rufin asiri ne babba, amma yana nufin ba zai iya kiran gwaggonki ko nas ɗinki ya ce a taimaka miki ba, ko da ya ga kina nutsewa. In kuwa a ofis kika faɗa masa, "Fada, likita ya ce ina da ciwon damuwa, kuma ina fama da waswasi, ina so ka sa mini doka," hannunsa a sake yake. Shi zai ce miki sau nawa za ki riƙa zuwa. In ya ce sau ɗaya a wata, to sau ɗaya a wata. Abin da dokar Ikilisiya ta wajabta, tun daga babban taron Lateran na 1215, sau ɗaya ne a shekara, shi ma ga wanda ya san yana da babban zunubi.

In kin shiga, ki faɗi abin da kika tabbata kin aikata da saninki da yardarki. Abin da kike shakka a kansa, ki bar shi. Abin da kika taɓa faɗa, an gama da shi. Wanda kika manta, an gafarta shi tare da sauran, haka babban taron Ikilisiya na Trent ya koyar a 1551. Ba ina cewa mai ciwo ba ya zunubi ba. In kin zagi yarinyar da ke koyon ɗinki a wurinki, ko kin riƙe kuɗin wani, ki faɗa a taƙaice, ki karɓi gafara, ki gyara. Amma gafarar ba ta rataya a kan yadda kike ji ba. Mai ciwon damuwa ko albishir aka yi masa ba ya jin daɗinsa, ciwon ne ya toshe wurin. Rashin jin sanyi a zuciya bayan iƙirari ba shaida ba ce cewa Allah ya ƙi.

Wurin da yaƙin yake shi ne bakin ƙofar coci. Kin fito, kin gyara ɗankwali, kin doshi tashar trotro, sai murya ta ce miki, "Ba ki faɗa daidai ba, koma." Ƙafarki za ta yi nauyi, cikinki ya ɗuri ruwa. Kada ki koma. Kada ki tsaya gardama da tunanin, kada kuma ki yi wata addu'a ta musamman don goge shi. Ki ce a ranki, "Ciwon ne," ki hau mota. Tsoron zai hau, ya kai ƙololuwa, sannan ya sauka da kansa, ko da ba ki yi komai ba. Duk ranar da kika jure haka, ƙarfinsa na raguwa. Makonnin farko da wuya, ba zan ɓoye miki ba.

Maganar harshe kuwa, ki kwantar da hankalinki. Da yawa daga cikinmu 'yan arewa, Frafra da Kusasi da Dagati da Kasena, a zango Hausa muke yi, a coci kuma Tonanci da Turanci. Kin faɗi iya abin da harshenki ya iya da zuciya ɗaya, Fada ya ba ki gafara, magana ta ƙare. In bai gane ba, aikinsa ne ya tambaya. Doka ta 990 ta yarda a yi iƙirari da tafinta, shi ma tafintan asiri ya ɗaure shi, amma ba dole ba ne, kuma a naki yanayin ban ba ki shawara ba, don zai zama wata sabuwar hanyar neman tabbaci. In kin sami Fada mai jin Hausa, madalla.

Sai aikin tuba. Kin raina "A gaishe ki Maryamu" uku don kina kallon abin kamar biyan bashi. In biya ne, azumin shekara dubu ba zai biya ba, Almasihu ya riga ya biya. Katikizim ya ce mai jin iƙirari ya duba halin da mutum yake ciki kafin ya ba shi aikin tuba, ya kuma nemi abin da zai amfani ransa. Fada ya dube ki ya ba ki daidai ke. Ƙara wa kanki abin da bai sa ki ba, ba ƙarin tsarki ba ne, rashin yarda ne da hukuncin wanda Ikilisiya ta sa ya yanke. Marigayi Fafaroma Francis ya tunatar da limamai a 2013 cewa ɗakin iƙirari ba ɗakin azabtarwa ba ne. Ke ma kada ki mayar da shi haka da hannunki.

Azumin da Ikilisiya ta wajabta kwana biyu ne kacal a shekara, Larabar Toka da Juma'a Mai Kyau, ga masu shekara 18 zuwa 59. Ko a ranakun ana cin abinci cikakke sau ɗaya da ɗan abin taɓawa sau biyu, ba a hana ruwa ba, kuma an ɗauke wa marar lafiya. Awa ɗaya da ake kamewa kafin karɓar Tarayya, wato Jikin Almasihu, doka ta 919 ta ce ban da ruwa da magani. Azumin ba ci ba sha a zafin Kumasi, ga mai ciwon damuwa, yana hana barci, yana kawo jiri, yana ƙara wa munanan tunani ƙarfi. Ki daina daga yau. In kina son abin da za ki miƙa wa Allah, ki miƙa masa kokon safe da ƙosai da za ki tilasta wa kanki ki ci ranar da bakinki ba ya so. Lahadin da ciwo ya danne ki kuwa, Katikizim ya ambaci rashin lafiya cikin dalilan da ke ɗauke wajibcin Misa. Ranar da kika iya, ki je, ko a bencin baya ne, ki karɓi Tarayya ko da tunanin ya zo miki a layi.

Shan magani ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Littafin Sirak, sura 38, ya ce a girmama likita, kuma Ubangiji ne ya fitar da magunguna daga ƙasa. Fafaroma Francis da bakinsa ya faɗa cewa yana da shekara 42, a Ajantina, ya yi wata shida yana ganin likitar tunani kowane mako.

Ki koma asibiti a makon nan. Idan nas ta auna jininki ta buɗe fayil ta tambayi barci da cin abinci, kada ki tsaya a nan. Ki ce mata kin daina magani wata biyu saboda kuɗi, ki gaya mata tunanin mutuwa, ki kuma gaya mata na Misa da komawa iƙirari. Mutane suna ɓoye wannan don kunya, alhali shi ke sauya maganin. Amitriptyline, wanda aka fi samu da araha, yana taimaka wa damuwa da barci, amma ba ya yi wa waswasi wani abin kirki, kuma yana da hatsari a hannun mai tunanin mutuwa. Irin su fluoxetine da sertraline suna kama duka biyun. Damuwa takan fara sauƙi bayan mako biyu zuwa huɗu, waswasi kuwa yakan ɗauki mako takwas zuwa goma sha biyu, wani lokaci sai an ƙara yawan maganin. Bayan kin ji sauƙi ma za ki ci gaba da sha na watanni. In kin taɓa yin kwanaki ba barci, ƙarfi ya yi miki yawa, kina ta magana da kashe kuɗi, ki faɗa, don wannan wani ciwo ne da magani daban. Kuma ki guji ƙwayoyin barci da tramol na kemis.

Kuɗi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, wato Act 846, ta ce kulawar kyauta ce, amma duk wanda ya yi wannan aiki ya san sau da yawa magani yakan yanke a asibitin gwamnati, a rubuta wa mutum ya saya a waje. Wannan abu yana ci mini rai, don a nan ne talaka yake faɗuwa. Duk da haka akwai ƙofofi. Tun Nuwamba 2024 inshorar lafiya ta NHIS ta shigar da ciwon damuwa, da na fargaba, da mai hawa da sauka, da sikizofiriniya cikin abin da take biya. Naki yana ciki. Ki duba katinki, in ya mutu ana sabunta shi ta waya da *929#. Dokar inshorar ta kuma sa masu ciwon ƙwaƙwalwa cikin waɗanda aka yafe wa kuɗin shekara, don haka ki roƙi nas takarda ki kai ofishinsu ko na jin daɗin jama'a. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na ƙasar, na Accra da Pantang da Ankaful, duk suna kudu, amma ba sai kin je can ba. Asibitin gwamnati na Tafo, nan kusa da ke, yana da sashen wannan, ki tambaya a mayar da fayil ɗinki inda kuɗin mota ba zai cinye ki ba.

In an ce babu maganin, kada ki ninke takardar ki tafi gida. Ki koma wurin wanda ya rubuta ki ce, "Ba ni da halin saye, akwai makamancinsa da inshora ke biya?" In dole sai an saya, ki tambayi farashi a kantin magani biyu ko uku, ki nemi mai sunan asali, ba mai kwali mai ƙyalli ba. Kada ki riƙa sha yau ki tsallake gobe don ya daɗe, wannan asarar kuɗi ce da lafiya. Gara ki ware ɗan abu kullum daga kuɗin ɗinki, kamar zubin adashi, ki sa masa suna kuɗin magani. Iƙirari ba a biyan ko kwabo. Doka ta 848 ta ce kada talauci ya hana kowa sakramenti, kuma an gargaɗi limamai su yi wa matalauta Misa ko ba su kawo komai ba. Kuɗin kyandir da na sa Misa, a wannan lokaci, ki mayar da su magani, ba ki ci amanar Allah ba. A coci da yawa akwai ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul, aikinsu ke nan taimakon mabukata cikin sirri. Ki roƙi Fada ya haɗa ki da su.

Gwaggo kuwa ƙauna ce ta sa ta, kada ki yi faɗa da ita. Amma kada ki je inda za a raba ki da magani ko a sa ki azumin dole. Rahoton ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch na 2012 ya nuna yadda ake ɗaure marasa lafiya da sarƙa a wasu sansanonin addu'a a ƙasar nan, kuma a 2017 hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta haramta ɗaurin. Ikilisiyarmu ba ta barin kowa ya yi korar aljanu sai limamin da Bishop ya ba izini, kuma Katikizim a sakin layi na 1673 ya ce ciwon ƙwaƙwalwa abu ne daban, maganinsa aikin likitoci ne. In addu'a take so ku yi tare, ku hau mota ku je kogon Maryamu na Buoho ku yi Rosari ku dawo, da abincinki da ruwanki da maganinki a jaka. Sannan ki roƙe ta ta raka ki asibiti ranar komawarki, ta ji bayanin daga bakin nas. In ta yarda, ita ce za ta riƙe miki ƙwayoyin tana ba ki na kullum, har likita ya ce tunanin mutuwar ya wuce.